Raka ta Kano: ƙungiyar ƙwallon da gyaɗa ta raɗa wa suna

A jerin ƙungiyoyin da suka taɓa cin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijeriya, wadda aka soma bugawa a 1972, akwai wani suna da ya fito sau ɗaya tak, a gaban shekarar 1978: Raccah Rovers ta Kano. Bakin Bahaushe bai wahalar da kansa da wannan dogon suna ba, Raka kawai yake cewa. Yau babu wannan ƙungiya. Ba ta da ofis, ba ta da ƴan wasa, ba ta cikin kowace gasa, kuma matashin da ya haddace sunayen ƴan wasan Real Madrid har da na benci zai yi wuya ya taɓa jin labarinta. Amma a Maraɗi da Tasawa da Dakoro har yanzu akwai dattawan da suka yi cin rani a Kano cikin shekarun 1970, ko suka kasa kunne ga Rediyon Kaduna da la'asar sakaliya, waɗanda in aka ambaci Raka sai ka ga sun gyara zama.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan mutanen Nijar da ƙungiyar da ta rayu ta mutu a ƙetaren iyaka? Ruwanmu kuwa ya yi tsaki, domin dukiyar da ta ɗaukaka sunan da ƙungiyar ta ɗauka, da guminmu a cikinta. Sa'an nan irin mutuwar da Raka ta yi, ita ce ƙungiyoyin garuruwanmu suke yi har gobe.

Gidan Raka

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga ƴan kasuwa a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa rai za su kwasa domin masaƙun ƙasarsu, amma manoman Kano suka auna ribarsu suka zaɓi gyaɗa, wadda in kasuwa ta ƙi ana iya cinta, kuma ba ta hana shuka hatsi. Fataken goro irin su Alhasan Ɗantata, waɗanda suka daɗe da sanin hanya da bashi da amana, suka zama dillalan kamfanonin Turawa. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, buhu kan buhu har sai wuya ya gaji da kallo, tana jiran taragon da zai kai ta Ikko.

Cikin waɗanda suka shiga wannan ciniki akwai Saul Raccah, Bayahude ɗan asalin Tarabulus ta ƙasar Libiya. Zuwan mutumin Tarabulus Kano ba baƙon abu ba ne. Ƙarnuka da dama ayarin raƙuma na sintiri tsakanin biranen biyu ta Gadamas da Gat da Agadas, kuma akwai gidajen Larabawan arewa a cikin birnin Kano tun kafin Bature ya san hanyarsa. Sai dai Raccah ya zo a daidai lokacin da jirgi ya kashe kasuwar ayari, ya kuwa fahimci cewa arziki ya juya fuska daga hamada zuwa teku. Abin da ya bambanta shi da sauran baƙin ƴan kasuwa shi ne bai tsaya a dillanci ba. Ya sayi gyaɗa da kansa, ya kai ta Turai da kansa, ya yi gogayya da manyan kamfanoni irin su UAC, waɗanda suka saba haɗa baki su tsayar da farashi ɗaya. Kafin yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939 ya riga ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da gyaɗar Nijeriya, har masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya kawo labarinsa a littafinsa kan cinikin Afirka ta Yamma na 1954, a matsayin misalin mutum guda da ya tsaya wa ƙungiyar kamfanoni a wuya. Manomi bai san Bauer ba, amma ya san sikelin da ya fi ba da kuɗi.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Gyaɗar ƙasar Maraɗi da ta Damagaram, tun da aka fara nomanta don sayarwa a wajajen 1930, ba ta da wata ƙofar fita sai Nijeriya. A kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci, take bi ta Jibiya da Katsina ta sauka tashar Kano. Sai a cikin shekarun 1950 Faransawa suka shirya wata hanyar ta Paraku zuwa Kwatano don su karkatar da wani kaso, kuma sai a 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA ta riƙe cinikin. Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa kan alhazan Maraɗi na 1986 cewa jarin farko na manyan attajiran garin daga sayen gyaɗa ya fito. Dakoro tana arewa, a bakin ƙasar makiyaya, gero da bisashe sun fi gyaɗa yawa a wurinta, amma shanunta da samarinta kudu suke nufa in kaka ta wuce. Kano ce babbar kasuwar kowa.

Ƙwallon ma'aikatu

Kafin a gane yadda sunan ɗan kasuwa ya hau rigar ƴan ƙwallo, sai a duba yadda wasan ya girma a Nijeriya. Kofin Gwamna, wanda daga baya aka kira kofin ƙalubale, an fara shi a 1945, kuma waɗanda suka yi ta cin sa a farko ƙungiyoyin ma'aikatu ne na Ikko: ta ma'aikatan jiragen ruwa, ta Reluwe, ta kamfanin UAC, ta wani banki. Ɗan wasa ma'aikaci ne. Da safe yana ofis ko gareji, da maraice yana fili, albashinsa kuma na akawu ne ko na makaniki, ba na ƙwallo ba. In manaja ya ga yaro mai ƙafa, sai ya nema masa gurbin aiki. Sai a 1953 kofin ya fara barin Ikko, kuma Kano ya nufa, lokacin da zaɓaɓɓun ƴan wasan garin suka doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1.

Raccah Rovers daga wannan tsatso ta fito: ƙungiya ce mai ɗauke da sunan gidan ciniki, kamar yadda Stationery Stores ta Ikko take ɗauke da sunan kamfanin takardu na Israel Adebajo, kamar kuma yadda Mighty Jets ta Jos, wadda ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, ta dogara da aljihun Alhaji Isiyaku Ibrahim. Tsarin yana da daɗinsa. Babu taron mahawara, babu karo-karo, mai gida na cewa a yi sai a yi. Ana sayen takalma a kan kari, ana ɗauko gwani daga Gana ko daga kudu ba tare da an tambayi kowa ba. Aibinsa ba ya bayyana sai ranar da mai gida ya gaji, ko ya rasu, ko kasuwarsa ta karye.

Shekaru uku

Zamanin da Raka ta taso, ƙwallon Nijeriya yana hannun ƙungiyoyi biyu, da ta uku a gefe. Rangers ta Inugu, wadda aka kafa a 1970 da ƙarewar yaƙin basasa, ta zama tutar Ibo, hanyar da mutanen da aka ci da yaƙi suke ɗaga kai. Ta ci gasar ƙasa a 1974 da 1975 da 1977. IICC ta Badun, tutar Yarabawa, ta ci a 1976, a shekarar kuma ta ɗauko kofin Afirka na masu riƙe da kofuna, karo na farko ga wata ƙungiyar Nijeriya. Rangers ta gaje ta a wannan kofi a 1977. Bendel Insurance ta Binin tana biye da su. Wato wasan ya wuce wasa, kowane yanki yana auna kansa da ɗan'uwansa a fili, kuma tun bayan nasarar Jos ta 1972 arewa kallo take yi.

A 1977 Raka ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, ta gamu da IICC ta su Segun Odegbami da Muda Lawal, ta sha kashi. Shekara ta zagayo, a 1978, ta ɗauke gasar ƙasa gaba ɗaya a gaban Rangers da IICC da Bendel, duk suna kan ganiyarsu. Wanda bai san ƙarfin waɗannan uku ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Daga 1973 zuwa 1984, shekara goma sha biyu cur, babu wata ƙungiya da ta karɓe gasar daga hannunsu sai Raka, sau ɗayan nan. Kuma Kano ba ta sake ganin wannan kofi ba sai a 2008, bayan shekara 30.

A cikin shekarar 1978 ɗin aka yi abin da ya fi komai yaɗa sunanta a duniya. Ƙungiyar Fluminense ta birnin Riyo a Barazil ta zo Nijeriya yawon wasanni, a daidai lokacin da Pele, wanda ya yi ritaya a 1977, yake ƙasar. Aka shirya ya sa ƙafa. A Ikko ya sa rigar Nijeriya ya buga da Fluminense, sa'an nan ranar 26 ga Afrilu, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, ya sa rigar Fluminense ya buga da Raccah Rovers. Baƙi suka ci 2 da 1. Ba a zaɓi Raka don alfarma ba, ita ce gwanar arewa a lokacin, kuma cin 2 da 1 a hannun ƙungiyar Barazil mai Pele a ciki ba abin sunkuyar da kai ba ne.

A 1979 ta wakilci Nijeriya a kofin zakarun Afirka, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, inda US Gorée ta Sanigal ta fitar da ita. (Abin dariya, ƙasar gyaɗa ce ta kori ƴaƴan gyaɗa.) Da Nijeriya ta ci kofin ƙasashen Afirka a karon farko a Ikko a 1980, akwai ɗan wasan Raka, Shefiu Mohammed, a cikin tawagar. Nan ne ƙololuwa. Daga nan sai gangara, kuma kafin shekarun 1980 su ƙare sunan ya ɓace daga manyan gasanni.

Suna ya fi gyaɗa daɗewa

Abin lura shi ne, lokacin da Raka take cin kofi, gyaɗar da ta yi sunan Raccah ta riga ta kwanta dama. Farin 1973 da 1974, wanda a wurinmu ya kashe garkuna a Dakoro da Tanut har ya share fagen juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974, ya ƙone gonakin arewacin Nijeriya ma. A 1975 kuma cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, wadda manoma ke kira kuturtar gyaɗa, ta gama da abin da ya saura a ɓangarorin iyaka biyu. Dalar Kano ta narke, filayenta suka koma wurin wasan yara. A Maraɗi manoma suka koma wake, alhazai suka koma cinikin fito da kaya zuwa Nijeriya. Gwamnatin Nijeriya kuwa, da kuɗin man fetur ya cika mata aljihu, ba ta damu da ta tayar da gyaɗa ba, sa'an nan dokokinta na 1972 da 1977 suka tilasta wa kamfanonin baƙi sayar da hannun jari ga ƴan ƙasa. Duniyar da su Raccah suka yi tashe a cikinta ta watse ke nan.

Saboda haka bai dace a ce fari ne ya kashe Raka kai tsaye ba, tunda ɗaukakarta bayan fari ta zo, a zamanin da kuɗin mai ke yawo a Kano kamar ruwan Agusta. Ta rayu a kan wadatar zamanin, ta kuma faɗi tare da shi. Farashin mai ya fara karyewa a 1981, gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu a 1982, ta Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, naira ta zube. Ƙungiyoyin da ke rataye da kamfani ko attajiri suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ke kan cin kofi. Leventis United ta Badun ta ci gasar ƙasa da kofin ƙalubale a 1986, bayan shekara guda masu ita suka rufe ta. Abiola Babes ta ci kofin ƙalubale a 1987, Cif Abiola ya sallami ƴan wasa bayan nan. Dubban magoya baya suka wayi gari babu abin goyon baya, kuma ba wanda ya nemi shawararsu, domin a takarda ba su da ko sisi a ciki. Ƴan kallo ne, ba masu abu ba.

A ganina wannan ne asalin ciwon. Mutanen Fagge da Sabon Gari da cikin birni sun so Raka so na gaskiya, sun cika fili dominta, sun bi ta Kaduna da Ikko a bayan manyan motoci. Amma soyayya ba ta da ofis. Ba a taɓa mayar da ita rajistar mambobi masu biyan kuɗin wata, masu zaɓen shugabanni, masu ikon cewa ba mu yarda a rufe ba.

Da Nijeriya ta buɗe gasar ƙwararru a 1990, Kano ta nemi wakili, sai aka haɗa ƙungiyoyi uku, WRECA ta hukumar ruwa ta jiha, da Golden Stars, da ta Bankin Arewa, aka sami Kano Pillars, bisa jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙasar. Gwamnatin jiha ce uwa da uba. Pillars ta ci gasar ƙasa sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga kofin zakarun Afirka a 2009, ta faɗa rukuni na biyu a 2022 ta dawo a 2023. Ta fi Raka tsawon rai nesa ba kusa ba, amma ba don an warkar da ciwon ba. An dai canza mai gida ne, daga ɗan kasuwa zuwa gwamna, kuma baitulmalin jiha ya fi kantin mutum guda wuyar ƙarewa. Shi kansa Bankin Arewa, ɗaya daga cikin iyayen nata, ya narke cikin wani banki a 2006.

Ta wajenmu

Nijar ta bi wata hanya dabam a farko, kuma akwai darasi a cikinta. Zakarun farko na ƙasar, tun daga 1966, ƙungiyoyin unguwannin Yamai ne, waɗanda ko suna ba su da shi sai lambar yanki. Yanki na 6 ya zama Olympic, yanki na 7 ya zama Sahel, kuma duk talaucin da suka sha, sunayen nan biyu sun ga bayan gwamnatoci da dama. Unguwa ba ta yin fatara a rufe ta. Jangorzo ta Maraɗi ce ta fara fitar da kofin ƙasa daga Yamai a 1983, Espoir ta Damagaram ta biyo ta a 1984. Daga baya mu ma muka koma gidan jiya na Ikko: a shekarun baya-bayan nan kofin yana yawo ne tsakanin ƙungiyar soja, da ta duwan, da ta jandarma, da ta askarawan ƙasa, da ta kamfanin mai, da ta kamfanin lantarki, duk a babban birni, alhali ƙungiyoyin jihohi suna neman kuɗin mota.

A garuruwa irin Dakoro kuwa, kowane malamin lakwal ya san yadda abin yake. Lokacin babban hutu samari su haɗa ƙungiya, wani ɗan kasuwa ko mai neman kujera ya sayo riguna da sunansa a baya, a yi shekara biyu ko uku ana cin kofi ana kiɗa, sa'an nan zaɓe ya wuce ko alhaji ya ƙaura Yamai, rigunan su koma na barci. Bayan shekara goma ba mai iya gaya maka wa ya tsare gida, wa ya ci ƙwallon da aka ɗauki kofi da ita. Ƴan kokowa sun fi su sa'a, domin suna da makaɗa. Kowa a jihar Maraɗi ya san Kantu ne ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, filin kokowar Maraɗi ma sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda waƙar Ɗan Anace ta hana a manta da Shago a fagen dambe. Ƙwallo baƙo ne, ya zo da al'adarsa ta rubutu, ta rajista da hotuna da littafin sakamako. Mun karɓi wasan, mun bar littafin.

A wasu ƙasashe ƙungiya kan mutu amma ba ta ɓata. A birnin Melbon na Ostareliya, inda suke da irin tasu ƙwallon da ake kamawa da hannu, akwai ƙungiyar wata unguwa mai suna Fitzroy, wadda aka kafa a 1883. Bashi ya ci ta, a 1996 aka haɗe ta da wata ƙungiya ta birnin Birisben mai nisan fiye da kilomita dubu. Amma da yake tana da mambobi masu rajista, ba su watse ba. Sun riƙe sunan, sun riƙe takardu da hotuna, kuma tun 2009 Fitzroy ta koma buga wasa a gasar ƴan sa-kai, a tsohon filinta na unguwa. Ba su fi Kanawa son ƙungiyarsu ba. Bambancin shi ne tasu ce a takarda.

Ƙungiyoyin raya al'adu na jiharmu suna da aikin da ba ya bukatar kuɗin kowa: littafi guda a ɗakin karatu na gari, da ɗaliban da za a aika wurin tsofaffin ƴan wasa da alkalan wasa da masu ɗaukar hoto, a rubuta sunan ƙungiya, da shekarar da ta fara, da wanda ya saya mata riga, da dalilin da ya sa ta tsaya. Waɗanda suka buga ƙwallo a zamanin samariya yanzu sun haura sittin.

Ita kuwa Raka, abin da ya fi tabbata a rubuce game da ita a yau, da rana da wata da sakamako, shi ne wasan Kaduna na 1978, kuma ba Kano ce ta adana shi ba. Fluminense ce, wadda ke rubuta kowane wasa da ta buga, kuma take alfahari da cewa Pele ya taɓa sa rigarta ko da sau ɗaya. Da Pele ya rasu a watan Disamba na 2022, jaridun Barazil suka tono labarin, sunan Raccah Rovers ya sake fitowa a shafukansu na ƴan kwanaki, a matsayin ƙungiyar da aka buga da ita ran nan.